Mariƙin Matakala

"Ɗan juyo mini da shi, Likita," in ji Mai Walda. "Hasken taga ya hana ni gani."

Likitar ta juya allon kwamfutar. Tela, maƙwabcinsa da ya rako shi asibiti, ya jawo kujera shi ma ya leƙa. Abin da ya gani bai yi masa kama da zuciya ba. Wani baƙin zobe ne, kamar bakin tukunya in an dube ta daga sama, kuma a tsakiyar kaurin zoben akwai siririn layi fari.

"Baƙin nan shi ne naman zuciyarka, Baba," in ji ta. "Ta buɗe da yawa, bangonta ya saki, shi ya sa ba ta tura jini da ƙarfi. Wannan mun san shi tun hoton farko. Abin da ya sa na tura ka cikin babban injin, ga shi nan." Ta ɗora bakin biro a kan farin layin. "Tabo ne."

Tela bai manta da babban injin ba. Da ma'aikatan asibitin suka ji sana'ar Mai Walda, sai da suka ɗauki hoton idanunsa, ko akwai ɓarɓashin ƙarfe da ya maƙale, don injin maganaɗisu ne. Sannan suka tuɓe masa zobe da bel da makullai suka zuba wa Tela a cinya, suka tura shi cikin wani dogon bututu. Da ya fito cewa ya yi injin yana buƙatar mai, ƙararsa ta yi yawa.

Mai Walda ya daɗe yana duban layin.

"Wanda ya ja wannan yana da hannu," ya ce. "Ko ni sai haka."

"Da walda ce da na yi murna, don walda riƙewa take yi. Wannan rikita bugun zuciya yake yi. Masu irin ciwonka ba duka ɗaya ba ne. Wanda hotonsa ya fito ba tabo, sau da yawa magani kan ɗaga shi. Mai tabo kuwa, zuciyarsa ta fi saurin birkicewa farat ɗaya, yana zaune yana hira."

"Yaushe?"

"Hoto ba ya faɗin rana. Sahun da mutum yake ciki kawai yake nunawa."

Ta ce akwai wata 'yar na'ura da ake sakawa ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya ta hagu. Tana sauraron zuciya. In bugun ya birkice, sai ta fizge ta da wuta ta dawo da ita hanya. Amma wutar injin walda tana iya ruɗa ta. In an saka, shi da injin sun yi sallama. Ko wani ke aiki da shi, ba ta so ya tsaya kusa.

"To a ɗan ba ni lokaci. Akwai aiki a hannuna."

"Wane aiki ne ya fi ranka, Baba?"

"Na gida ne," ya ce, ya miƙa hannu Tela ya ba shi hularsa.

Tela ya san aikin. Gidan bene ne, shaguna biyu a ƙasa, nasa da na Mai Walda, bango ɗaya ya raba su. Mai Walda da matarsa suna sama. Matakalar ta siminti ce, a waje take, ta bi jikin bango ta yi kwana ɗaya kafin ta sauko, ɗaya gefen kuma fayau, ba abin riƙewa. Mutumin da ya yi wa rabin unguwa ƙofofi da tagogi, tasa matakalar kullum sai gobe. Har ranar da matar tasa, Maman Auta, ta zame da bokitin wanki ta karya ƙugu. Ƙashin ya haɗu, amma tsoron bai fita ba. Tun daga nan ba ta saukowa sai da hannunta a kafaɗarsa ta hagu, shi a gefen da babu komai, ita a jikin bango. Kullum da rana ta yi sanyi zai hau ya sauko da ita, ta zauna a benci ƙofar shagon Tela, tana saka masa maɓallai a riguna tana gyara wa duk mai wucewa zama.

Bayan faɗuwar Mai Walda ya fara yi wa matakalar mariƙin ƙarfe. Ya kafa ginshiƙai, ya gama sashen sama tsaf. Daga kwana zuwa ƙasa ɗigo-ɗigo kawai ya yi, irin wanda ake yi don ƙarfe ya tsaya kafin a bi shi da walda ta gaske. A nan numfashi ya fara gagararsa. Ya ɗaure sashen da jan ƙyalle don kada wani ya jingina.

"Ka kira wani ya ƙarasa mana," in ji Tela a mota.

"Wa? Na bakin titi, mai manna ƙarfe da yawu?"

"Akwai wanda ka koya wa."

"Shi ya sa na san abin da zai yi."

"Injiniya, kana jin abin da matar nan ta ce kuwa?"

"Na ji, Sarkin Allura. Ita ta ga hoto, ni na ga matakala. In na tafi, kafaɗar wa za ta dafa? Taka? Kai da iska ke kayarwa?"

Washegari da hantsi Mai Walda ya jawo injin walda zuwa gindin matakala. Tela yana kan keken ɗinki yana kallonsa ta ƙofa. Wuta ta tashi shuɗiya, ta yi ƙara, ta mutu. Ko sandar walda ɗaya ba ta ƙone ba Mai Walda ya zauna a kan siminti, garkuwar fuska a cinyarsa, bakinsa buɗe kamar kifin da aka fitar daga ruwa.

Maman Auta ta leƙo ta taga.

"Baban Auta."

"Hutawa nake."

"Tela ya gaya mini komai."

Mai Walda ya juyo ya harari shagon. Tela ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin keke.

"Ka je a saka maka abin nan," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "In ka faɗi a kan matakalar nan saboda ni, wallahi ko da zinariya aka ƙarasa ƙarfen, hannuna ba zai taɓa shi ba. Sai dai in mutu a sama. Ka san ni."

Ya san ta. Aka saka.

Ya dawo da wani ɗan tudu a ƙirji kamar an ɓoye akwatin ashana, da dokar kada ya ɗaga hannun hagu, kada a dafa masa kafaɗar har ciwon ya warke. Suka gwada ta dama, abin bai yiwu ba, don sai ita ta koma gefen da babu komai. Ta sa ƙafa ɗaya ta janye. Saboda haka ta zauna a sama. Da yamma benci ya zama wayam, rigunan Tela suka taru ba maɓalli. Mai Walda yakan zauna a ƙofar shagonsa, injin lulluɓe da tamfol a bayansa, yana ɗaga kai. Fuskarta tana taga, ta ɗora haɓa a kan hannu, tana kallon titi.

Tela ya ga yana kallon. Su biyun sun san abin da suke gani: yadda gidan zai kasance nan gaba.

Wata safiya Mai Walda ya shigo shagon ya dafa kan keken ɗinki, ya tsayar da shi.

"Rufe shago. Kai za ka yi."

"In yi me?"

"Walda."

Tela ya yi dariya har da tari. Da ya ga shi kaɗai ke dariyar, sai ya daina.

"Mai walda in na ce masa yi kaza, zai ce shi ma ya sani," in ji Mai Walda. "Kai ba ka san komai ba. Amfaninka ke nan. Kuma duk rayuwarka layi kake bi. Gefe biyu ne a haɗa su kada su rabu. Me ka fi yi in ba wannan ba?"

"Yadi ba ya ƙona mutum."

"Ƙarfe kuma ba ya dawowa ya ce wuya ya matse shi."

Haka aka fara. Aka kai wa Mai Walda kujerar roba can tsallaken titi, ƙarƙashin rumfar mai gyaran rediyo, inda wutar injin ba za ta kai ga abin ƙirjinsa ba. Ya zauna da guntun baƙin gilashi a hannu. Tela ya sa tsohuwar rigar aikinsa wadda ta kai masa gwiwa, da safar fata, da garkuwa, ya tsuguna gaban tarkacen ƙarfe na gwaji.

"Ƙyasta kamar ashana! Na ce ƙyasta, ba soka ba!"

Sandar ta manne. Tela ya ja, ƙarfen ya biyo shi.

"Murɗa ta! Wayyo, injina!"

Kafin azahar unguwa ta samu abin kallo. Direban babbar mota da ke haya a gidan baya ya kawo kujerarsa. Mai gyaran rediyo ya rage sauti don kada wani zagi ya wuce shi. Daga taga Maman Auta tana ba da nata umarnin, wanda bai shafi walda ba: "Tela, gefen wandonka na hayaƙi."

Mai Walda ba ya ganin bakin sandar daga inda yake, da kunne yake aikin. Ya ce walda mai kyau ƙararta ɗaya ce da ta ƙwai a cikin mai, shiii, ba yankewa. In ya ji tas-tas sai ya daka tsawa, "Ka yi nisa, matso!" In ya ji ta shaƙe, "Ɗaga kaɗan!" In Tela ya kai ƙarshen layi sai ya kashe injin, ya ɗaga hannu. Sannan Mai Walda ya tsallako a hankali, ya karɓi 'yar guduma, ya ƙwanƙwashe ɓawon da ke kan waldar, ya duƙa.

"Kashin kaza."

"Ai ya kama."

"Kashin kaza ma yana kama takalmi. Kankare, sake."

"Ni fa tun da nake ban taɓa farke ɗinki sau uku ba."

"Da ka farke da rigata ta bikin Auta ba ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya ba."

Rana ta farko Tela ya leƙa wutar ba garkuwa, ya kwana idanunsa kamar an zuba yashi. Ya rantse ya bari. Da safe ya tarar da rigar aikin a rataye a ƙofar shagonsa, an ɗinke inda ta ƙone da ɗinkin hannu na Maman Auta. Ya sa.

A hankali hannun ya fara ji. Ya gane cewa ba sandar ake kallo ba, ɗan tafkin narkakken ƙarfen da ke bin bayanta ake kallo, kamar yadda ba allura yake kallo ba sai bakin yadi. Ranar da ƙarar ta tafi shiii daga farko har ƙarshe, ya ɗaga garkuwa ya dubi tsallaken titi. Mai Walda ya kau da kai yana tambayar mai rediyo labarin ƙwallo. Washegari ya ce a bar tarkace, a hau matakala.

Suna tsakiyar sashen ƙasa abin ya faru. Tela ya kashe inji yana goge gumi, sai ya ji gilashi ya fashe. Mai Walda ya zame daga kujera, ya yi wata zabura kamar an ɗaga shi an ajiye, sannan ya buɗe ido yana duban rumfa.

"Wa ya harbe ni?" ya ce. "Jaki ne?"

Direba ya kai su asibiti. Duk hanya Tela yana cewa a ransa injin ne, shi ya jawo. Likitar ta ɗora wani faifai a kan tudun ƙirjin, ta karanta abin da na'urar ta adana. Ta tambayi inda yake zama in ana waldar, suka gaya mata. Ta girgiza kai, amma ba faɗa ta yi ba.

"Ba injinku ba ne. Farin layin nan ne ya motsa. Zuciyar ta birkice da gaske, na'urar ta dawo da ita. Da ba ta nan, Baba, da yanzu wani zancen ake."

A mota, da suka kusa gida, Mai Walda ya juyo wajen Tela.

"Yarinyar nan ta iya duba aiki," ya ce. Can kuma, "Gobe kwana za mu yi. Nan ne mai wuya."

Kwanar ta ci su kwanaki. Ƙarfe uku ne suka haɗu a wurin, kuma dole a yi waldar daga ƙasa zuwa sama, tartsatsi na zubo wa mutum a hannu. Tela ya yi, aka kankare, ya sake, ya ƙara wani a kan wani. Da ya gama, gaɓar ta fito da ƙulli kamar gwiwar tsoho. Ya ɗauko injin goge ƙarfe zai daidaita ta.

"Ajiye," in ji Mai Walda. "Naka ba kyau ne ya riƙe shi ba, yawa ne. In ka goge, me ya rage?"

A al'adarsa ba ya ba da mariƙi sai ya rataya a jikinsa da duk nauyinsa. Yanzu ba shi da nauyin, ba shi da hannun. Ya sa Direba, wanda cikinsa ke riga shi shiga ɗaki, ya kama ƙarfen ya ɗage ƙafafu yana lilo. Ƙarfen ko gezau. Mai Walda ya kwance jan ƙyallen da kansa ya sa a aljihu. Aka shafa fenti baƙi.

Da fentin ya bushe, da yamma, ya zauna a benci a gindin matakala ya ɗaga murya.

"Maman Auta, sauko."

Ta fito bakin ƙofa da mayafinta. "To hawo mana. Ai kafaɗar ta warke."

"Ba zan hawo ba."

"Baban Auta, ba na son wasa."

"Ni ma."

Ta tsaya tana dubansa, yana duban ƙasa. Tela ya miƙe, Mai Walda ya riƙe masa gefen riga. Sai ta kama ƙarfen da hannu biyu, ta sauke ƙafa ɗaya. Tana saukowa tana faɗa: mutum ya tsufa bai bar taurin kai ba, Allah ya haɗa ta da mai ƙarfe a ka, bari Auta ta kira waya za ta ji komai. A kwana hannunta ya ci karo da ƙullin.

"Wannan kuma mene ne?"

"Sa hannun Tela ne."

"Haka yake yi wa wuyan riga," ta ce, ta zagayo.

Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ba wanda ya yi tafi. Ta zauna a benci tana haki, ta ce a miƙo mata gwangwanin maɓallai. Mai Walda ya ciro jan ƙyallen ya goge fuska da shi.

Na'urar ta hana zuciyar birkicewa, amma ba ta hana ta gajiya ba. Likitar ta faɗa musu haka tun farko. Ƙafafunsa suka fara kumbura, Tela ya buɗe masa wanduna. Ya koma hutawa a kwana in zai hau, daga baya hawan ya gagara gaba ɗaya. Aka share ɗakin bayan shagonsa, aka sauko da gado da matasai masu yawa, don ba ya iya kwanciya sai a jingine. Auta ta zo da 'ya'yanta suka cika gidan da hayaniya, suka koma.

Yanzu ita ke saukowa wurinsa. Kowace safiya Tela yana buɗe shago zai ji tafiyarta, taku, shiru, taku, butar shayi a rataye a hannu ɗaya, ɗayan a kan ƙarfe. Sukan wuni a ƙofar shago su uku. Mai Walda ya rame, amma bakinsa bai rame ba. Duk ƙofar da aka wuce da ita a kan mota sai ya faɗi laifinta. Ya ba Direba gudumarsa. Injin kuwa ya ce na Tela ne, ko don ya riƙa tsorata masu kawo gyaran zif.

Zuwansu asibiti na ƙarshe, Likitar ta duba shi ta daɗe. Shi ya fara magana.

"Likita, jakin nan ya yi aikinsa. In lokaci ya yi, ba na so ya yi ta harbina a gaban matata."

Ta tambaye shi ko ya gane abin da yake nema. Ya ce ya gane, kuma sun yi maganar a gida. Ta kira Maman Auta a waya, ta ji daga bakinta. Sannan ta ɗora faifan a ƙirjinsa ta danna abin da za ta danna, ta kashe fizgar na'urar. Da za su fita ya ce ta ƙara nuna masa hoton nan. Ya dubi farin layin, ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi in aikin wani ya wuce ba gyara.

Da hantsi ya rasu, ranar aiki. Yana kan kujerarsa a ƙofar shago, Maman Auta na gefensa tana ba shi labarin wata rigima ta gidan ƙanwarta. Tela yana kan keke. Ya ji ta yi tambaya ba a amsa ba, ta sake yi, sannan ta kira sunan da bai taɓa jin ta kira shi da shi ba. Tela ya ɗauke ƙafa daga keken.

Mutane sun zo da yawa. Rabinsu ƙofar gidansu aikinsa ce, kuma kowa sai ya faɗa. Masu hawa yi wa Maman Auta gaisuwa suna riƙe ƙarfen ba tare da sun lura da shi ba. Auta ta so ta tafi da uwarta. Uwar ta ce tana da gida, kuma tana da hanyar fita daga cikinsa.

Bayan baƙi sun watse, unguwa ta koma yadda take. Tela ya buɗe shago, ya zare tamfol ya kakkaɓe ya mayar a kan injin, ya zauna a keke. Kwana da kwanaki taga a rufe. Ya tara rigunan da ba maɓalli a gefe guda, bai kai wa kowa ba.

Wata yamma, rana ta yi sanyi, ya ji an buɗe ƙofar sama. Taku, shiru, taku. Ya tsayar da keke. Ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya zauna.

Daga inda yake, hannunta kawai yake hangowa yana zamowa a kan baƙin ƙarfen. Ya bi santsin sashen sama har kwana, ya tsaya a kan ƙullin. A wurin fentin ya riga ya goge, ƙarfen ya fito fari yana ɗaukar hasken yamma. Babban yatsanta ya shafa shi sau ɗaya, sannan hannun ya zagayo ya ci gaba da sauka.

Tela ya jawo gwangwanin maɓallai ya ajiye a kan benci.